Ni na sa hannu a sakamakon jinin yaron, kuma na san ma'aunin ba daidai ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, Jalingo ƙaramin gari ne, in aka ce mace mai ɗiban jinin yara mutum goma za su nuna ƙofar gidanmu. Shawara nake roƙo, kuma da gaggawa, don yau Laraba ce, ranar Asabar za a yi wa wani yaro ɗan shekara shida kaciya a ƙauye bisa wata takarda da na sa wa hannu. Takardar ta ce jininsa lafiya lau yake tsayawa, ni kuma zuciyata ba ta yarda ba, kuma ina da dalili. Ba na zo wanke kaina ba ne, hassada ce ta kawo ni inda nake, na san sunanta, ba sai wani ya faɗa mini a kwament ba. Masu zagi ku zaga, amma don Allah ku haɗa da shawara.

Ni ma'aikaciyar lab ce, wato ɗakin gwajin jini, a wani wuri mai zaman kansa a nan cikin gari, shekarata goma sha shida a wurin. Difloma gare ni, ban yi digiri ba, aure da haihuwa suka sha gabana. Amma wallahi ba yabon kai ba, a kan jijiyar yaro hannuna ba shi da na biyu a layinmu. Jaririn da nas biyu suka soka suka rasa, ni sau ɗaya nake shiga. Daga Mayo Gwoi inda nake zaune har Abbare mata sun san ni, uwa za ta zauna a benci ta ce ba mai taɓa mata ɗa sai na fito daga salla. Ina jin Fulatanci don shi na sha a nono, ina jin Mumuyanci daidai gwargwado don da su na tashi, to yaro na kuka sai in yi masa magana da yaren kakarsa, kafin ya gama mamaki na cika kwalba. Wannan ne kaɗai abin taƙamata a duniya, ba ni da mota ba ni da fili.

Akwai wata yarinya, bari in kira ta Rahila, ba sunanta ke nan ba. 'Yar maƙwabciyar mahaifiyata ce, a gabana ta koyi tafiya. Ni na kawo ta wurin aikinmu lokacin da makarantarsu ta ce su nemi inda za su koyi aiki, ni na roƙi Oga, mai wurin, ya karɓe ta. Ranar farko da ta ga an ɗebi jini sai da na zaunar da ita na yi mata fifita da fayil, saura kaɗan ta sume mana. Ni na koya mata yadda ake ɗaure hannu, yadda ake lalubo jijiya da ɗan yatsa ba da ido ba, yadda ake juya kwalba a hankali ba a girgiza ta. Ta tafi ta ƙaro karatu, ta dawo da digiri da lasisi da wani ɗan tabarau, Oga ya ɗauke ta aiki. Har yau Adda take kirana, wato Yaya da Fulatanci, ba ta wuce ni ba ta rusuna ba, ban taɓa kama ta da raini ko kaɗan ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai, da ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya ne da na samu abin kamawa.

Bara Oga ya sayo wani inji. Bari in yi bayani a taƙaice don waɗanda ba aikinsu ba ne. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, mu filetilet muke ce musu, su ne in ka yanke suke rugawa su taru su toshe wurin, jini ya tsaya. Ƙirga su abu ne mai sauƙi, kowane lab yana yi. Amma wani yaron ƙwayoyin nan sun cika a jikinsa, aikin ne ba sa yi, to shi wannan injin aikin yake gwadawa. Yana zuƙar jinin ta wata 'yar ƙaramar huda, ya ƙirga daƙiƙa nawa suka ɗauka kafin su toshe ta. In lokacin ya yi tsawo akwai alamar matsala. To amma tsawo in an kwatanta da me? Takardar da ta zo da injin ma'aunin manya ne a ciki, na wata ƙasa ma, babu na yara. Oga ya ce ba za mu auna 'ya'yan mutane da ma'aunin manyan wasu ba, sai dai mu tara yara masu lafiya na garin nan mu gwada su, mu ga daga ina zuwa ina lokacin lafiyayyen yaro yake tsayawa, shi zai zama ma'auninmu. Magana ce mai kyau, na yaba. Sai ya juya ya ce Rahila ce za ta riƙe aikin, ita za a tura Abuja ta koyo injin sati biyu.

Jama'a, na ji abin nan har cikin ɓargona. Na bi shi ofis na tambaye shi laifin da na yi, ya ce ba laifi, doka ce, mai digiri da lasisi ke jagorantar irin wannan. Na ce shekara goma sha shida fa, a kwandon shara za a zuba? Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, ai ba abin da zai yiwu sai da hannuna. Na ce to hannun kawai ake so ke nan, kan a bar shi a gida. Na fito na buga ƙofa, kwana uku ina shan kunu, ban gaishe shi ba sai da ya fara gaishe ni. Maigidana da na kai masa ƙara cewa ya yi in gode Allah yarinyar da ta tashi a hannuna ta zama wani abu, na ce masa ya ci tuwonsa kawai. Rahila ta dawo daga Abuja da tsarabar turmin atamfa, na karɓa na ce an gode, har yau yana ƙasan akwati ban ɗinka ba.

Aka sanar a masallatai da coci-coci da makarantun unguwa cewa duk wadda ta kawo yaro mai lafiya aka ɗebi jini kaɗan, za a yi masa gwajin jinotayif da na maleriya kyauta, a haɗa da sabulu. Kun san yadda mutanenmu suke da jinotayif yanzu, mata suka yi ta zuwa da 'ya'ya uku-uku huɗu-huɗu. Sharaɗi biyu ne, kada yaro ya zo da zazzaɓi, kuma kada ya kasance ya sha magani cikin kwana goma, musamman irin su asfirin da ibufurofen, don su waɗannan suna sa filetilet su yi sanyi, lokacin toshewa ya yi tsawo ko da yaron lafiyarsa ƙalau. Rahila na zaune a tebur a bakin ƙofa da fom da abin auna zafin jiki, tana tambaya da Hausa, yaro ya sha magani? Uwa ta ce a'a. Ta ɗora abin a goshi, ba zafi, ta rubuta, a turo mini ciki. Duk wanda jikinsa ya nuna zafi sai ta ba uwar haƙuri ta ce su dawo wani lokaci. Ranar farko an mayar da mata da yawa, wasu daga nesa suka hau keke suka zo, suka tafi suna ƙunƙuni.

Daga rana ta biyu zazzaɓi ya ɓace a Jalingo. Damina ce fa, lokacin da kowane gida akwai mai kwanciya, amma duk yaron da aka kawo goshinsa sanyi ƙalau. Ni ina ciki, tagata tana kallon bencin da mata ke jira a ƙarƙashin mangwaro, su kuma ko ba su san ina jin yarensu ba, ko sun sani ba su damu ba. Na ji wata tana gaya wa 'yar uwarta da Fulatanci cewa ta ba ɗanta cokali biyu na ruwan maganin nan mai launin lemo tun da asuba, mai kemis ya ce ya fi farasitamol riƙe zafi, zai kai su har a gama layi. Ɗayar ta ce ita duka ukun ta ba, har waɗanda ba su da komai, kada rana ta dafa su a mayar da su. Na ga kwalbar da idona ta fito daga jaka tana zagaya benci, ibufurofen ne. Su ba cuta suke nufi ba, dabara ce ta kada a yi zuwan banza, kuma abin da aka saya a kemis aka ba yaro cokali ɗaya ba sa lissafa shi a shan magani, a wurinsu shan magani sai wanda likita ya rubuta. Wata 'yar Mumuye da na tambaya a hankali ina ɗaure hannun ɗanta, dariya ta yi ta ce da irin Hausarsu, "Kai Anti, kaɗan ne na ba ta, yaron ba ta ciwo, don zafin rana ne."

Wallahi tallahi na tashi zan faɗa. Na cire safar hannu na nufi teburin Rahila, magana na bakina. Daidai lokacin Oga ya shigo da wani babban likitan yara da ya zo ganin injin. Ya tsaya a kan Rahila ya ce wannan ita ce malamarmu, ita ta tsara komai, likitan yana ta gyaɗa kai yana tambayarta da Turanci tana amsawa. Da suka juyo kaina Oga ya nuna ni da mukullin mota ya ce, wannan kuma ita ke ɗibar mana jini. Ko sunana bai faɗa ba. Shekara goma sha shida. Rahila ta ɗago ta gan ni da safa a hannu ta ce Adda akwai wani abu ne? Na ce babu, ruwa na fito sha. Na koma na zauna na ce a raina, to malama, sai ki gano da kanki.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi muni. Ina da wani littafi nawa na kaina da nake rubuta sunan duk wanda na ɗebi jininsa da lambar kwalbarsa, al'adata ce tun da. Sai na fara ɗiga jan biro a gaban sunan duk yaron da na ji ko na gani an ba shi maganin, kuma jajayen ɗigon nan ba kaɗan ba ne. Ba don in gyara ba, kada ku yi mini kyakkyawan zato. Ajiya nake yi. Ina wanke-wanke a gida ina hango ranar da wani babba zai duba aikin ya ce wannan shirme ne, a tara mu, Rahila ta rasa bakin magana, ni kuma in buɗe littafi in ce ga shi, mai ɗiban jini ta gani. Har kalar mayafin da zan sa ranar na zaɓa. Kuma yarinyar nan ta ba ni dama, sau ɗaya ta same ni ina cin ɗanwake ta ce Adda, wasu yaran lokacinsu na yin tsawo fiye da yadda na zata, na cire masu ƙarancin jini tunda shi ma yana tsawaita lokacin, amma har yanzu haka, ke da kike tare da su kin lura da wani abu? Na ce ni me na sani, ai ku ne masu digiri. Ta ce Allah ya huci zuciyarki Adda, ta tafi. Ƙarshe ta ɗauka haka jinin yaranmu yake.

Aka gama, aka buga takardar ma'auni, daga shekara kaza zuwa kaza lokaci kaza zuwa kaza, aka rufe ta da leda aka manna a bango saman injin, sunan Rahila a ƙasa da duk haruffan digirinta. Ni na san iyakar sama ta takardar nan ta miƙe fiye da gaskiya, don yaran da aka ɗirka wa magani sun ja ta. Ma'ana yaron da jininsa ke jinkirin tsayawa da gaske zai iya faɗawa ciki a ce nomal ne. Na sani, amma na riƙa gaya wa kaina ai ba a cika neman gwajin ba, ai likitoci ba da shi kaɗai suke aiki ba, ai kwanan nan wani zai gano. Ba wanda ya gano. Tonon asirin da nake jira bai zo ba, yabo ne ya yi ta zuwa, likitoci na turo yara suna cewa a kai wa Rahila, Oga ya ba ta ofis da fanka. Kullum in na ɗaga kai na ga takardar sai tsoro da haushi su kama ni tare, kuma in gaskiya za a bi haushin ya fi yawa. Wata biyar ke nan muna haka.

Shekaranjiya Litinin wata mata da nake sayen busasshen kifi a wurinta a Kasuwar Jalingo ta kawo ɗanta, in kira shi Sadiƙu. Shekara shida, ɗan siriri mai surutun tsiya. Yana yawan haɓo, in ya fara sai an jiƙa tsumma biyu, ƙafafunsa duk shatin baƙi-baƙi kamar ana dukansa alhali ba mai taɓa shi, haƙorinsa da ya fita kwanaki wuni guda yana tsiyaya. Za a yi masa kaciya a hutun nan, shi ne wani likita ya ce a fara gwada jinin. Na tambaye ta da Fulatanci, na ce ta dubi Allah ta gaya mini ko ta ba shi wani abu daga kemis, ta rantse wata guda ko farasitamol bai sha ba, kuma na yarda da ita. Na ɗebi jinin, na danna auduga, na ɗaga, yana fitowa, na sake dannawa na daɗe, na ɗaga, yana fitowa. Hannuna ya san wannan, ba sai inji ya gaya mini ba. Yawan filetilet ɗinsa daidai, ba shi da ƙarancin jini, amma lokacin toshewa ya yi tsawo, ya je dab da iyakar sama ta takardar bango ya tsaya daga ciki. Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga ciwon da ke jikinsa ba, amma na yi imani da an cire masu jan ɗigo daga lissafin nan da yaron nan a waje yake, da an rubuta a ƙara dubawa. Rahila ba ta nan ranar, ta je bikin ƙawarta, in ba ta nan kuwa ni ke sa hannu, a nan Oga ba ya tuna doka. Na riƙe biro na daɗe. In na rubuta akwai matsala za a ce bisa wane ma'auni, ga takarda a bango. Na rubuta nomal na sa hannu.

Likitan ya duba ya ce ba damuwa, layi ne a gabansa, takarda ya gani. Jiya na kasa cin abinci, na tashi aiki na wuce kasuwa kamar kifi na je saya. Ta tare ni da murna, tana ta godiya da Fulatanci, useko Adda useko, ta ƙara mini kifi biyu gyara, ta ce hankalin babansa ya kwanta, Juma'a da safe za su hau mota zuwa ƙauyen kakansa can ƙetaren kogi, wanzamin gidansu zai yi musu shi da 'ya'yan baffanninsa ranar Asabar, an riga an sayi kaji an daka gero. Na tambayi asibiti mafi kusa da ƙauyen, ta ce sai an yi tafiyar awa biyu a mashin in hanya ta yi kyau. Na ce me zai hana a yi a asibiti a nan cikin gari? Ta ce kakan ba zai yarda a ware jikansa ba, da ma don haɓon ne ya ba da izinin gwaji, ga shi kuma takarda ta ce lafiya. Na ce to a ɗan jinkirta mana, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta ajiye kifin ta dube ni ta ce, "Adda, ba ke kika rubuta ba? In akwai abu ki gaya mini, ɗana ne." Na ce babu, tsoro ne irin na uwa. Na karɓi ledata na tafi. A nan na gane ba wata hanyar gefe, babansa da kakansa takarda suke ji, sai takarda ta canja ko likita ya kira su da bakinsa, kuma ko an sake gwajin sau goma da wannan ma'aunin za a auna shi.

To ga inda na tsaya. Hanya ta farko in ɗauki littafin in kai wa Rahila in ce ga abin da na gani tun damina na ɓoye. Na san ta, a ranar za ta cire masu ɗigon ta sake lissafi, ta kira likitan a tsayar da kaciyar, ta nemo duk yaran da aka auna da takardar nan. Amma ba ta iya ƙarya ba, Oga zai tambaye ta ta ina ta sani, za ta faɗa. Aikina ya tafi, kuma ba aikin kaɗai ba, matan da ke cewa ba mai taɓa musu ɗa sai ni za su ji cewa na ga abin da zai cuci yara na yi shiru don baƙin ciki. Mahaifiyata da mahaifiyar Rahila katanga ɗaya ce tsakaninsu. 'Ya'yana huɗu, babbar tana ajin ƙarshe a sakandare, ita ma aikin lab take so don tana ganin uwarta wata ce. Hanya ta biyu in bar littafin a gida, in shiga wurin Oga in ce jiya-jiyan nan na ji wata mata a kasuwa tana ba da labarin yadda suka yi, ina tsoron takardar bango ba daidai ba ce, a kira likitan Sadiƙu. Ta nan ma yaron zai iya tsira, in Oga ya yarda da ji-ta-ji-ta ya yi sauri. Amma laifin duka kan Rahila zai sauka, ita ta riƙe fom, ita ta yi tambaya, sunanta ne a ƙasa, aikin gaba ɗaya za a zubar tunda ba a san wa da wa za a cire ba, ni kuma in zama wadda ta ceci wurin. Zan faɗa muku wadda ban faɗa wa kowa ba, wannan ta biyun daɗi take mini. In na tuna ta sai in ji wani sanyi a ƙirjina, sai kuma kunyar kaina ta rufe ni. Mace mai shekara arba'in da uku, ina salla ina azumi, ga abin da ke cikina.

Yau da rana Rahila ta shigo da kunun gyaɗa a fulas ta zuba mana kofi biyu, ta zauna a kujerar da nake zaunar da yara. Ta ce ta yi ta fama da Oga har ya yarda, tirenin na gaba, irin koyon aikin da ta je Abuja, ni za a tura, ta ce ta gaya masa ba don hannuna ba da ko kwalba goma ba a tara ba, kuma tana so a sake buga takardar bango a sa sunana kusa da nata. Tana faɗa tana murna kamar ita aka yi wa. Sunana, a kan wannan takardar. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne kunun ya yi sukari da yawa. Kuma ko a lokacin, ina kallonta, wani ɓangare na zuciyata cewa yake ji ta don Allah, har ta isa ta roƙa mini alfarma.

Don Allah 'yan uwa ku ba ni shawara, musamman masu aikin lafiya da waɗanda suka taɓa fama da irin wannan ciwon na zuciya. Ba zan bari a sa wa yaron nan aska a haka ba, wannan na gaya wa kaina, amma tun Litinin nake gaya wa kaina, sau uku ina zuwa ƙofar ofis ina dawowa, shi ya sa ban yarda da kaina ba na zo gare ku. In tona kaina in rasa aikin da sunan da na tara, ko in bi ta biyun in bar yarinyar da ba ta yi mini komai ba ta ɗauka? Akwai hanya ta uku da ban gani ba? In ta farkon ce, wa zan fara samu, ita ko Oga ko uwar yaron, kuma da wace kalma ake fara irin wannan magana? Kada ku ce in yi addu'a in jira, ina yi, lokacin jiran ne babu. Gobe Alhamis ce kaɗai ta rage mini, jibi da safe motarsu za ta tashi, kuma uwar ta ce Sadiƙu ya riga ya sa sabuwar rigarsa a leda.